Fuloraid da Gyaruwar Ɓawon Haƙori Kafin Ya Yi Kogo: Batun Kurkure Baki a Yankin Adabka

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda fuloraid na makilin ke mayar wa ɓawon haƙori ma'adinan da asid ya zare, ta kuma yi hujja cewa a yankin Adabka, wato Anka, Gummi da Bukkuyum, lokacin goge baki ya fi yawan makilin muhimmanci.

Gabatarwa da Bita

Kusan kashi 96 cikin 100 na ɓawon haƙori ma'adini ne, mafi yawansa kalsiyam da fosfet. Idan ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suka samu sukarin shayi ko na alewa, sai su fitar da asid. Da zarar ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5, ɓawon ya soma narkewa. Alamar farko farin tabo ne kusa da dasashi, tun kafin mutane su ce tsutsa ta ci haƙori.

Ayyukan H. Trendley Dean a Amurka, waɗanda suka kai ga zuba fuloraid a ruwan Grand Rapids a 1945, sun bar ra'ayin cewa sai an sha shi yake amfani. Featherstone (1999) ya nuna cewa babban aikinsa a saman haƙori yake, bayan haƙorin ya fito. Wannan gyara na da nauyi a ƙasar Hausa, domin abin da ruwan bohol mai yawan fuloraid ya yi wa ƙasusuwan yara a Tibiri ta Maradi ya isa ya sa a daina ɗaukar shan sa a matsayin mafita. Masu cewa aswaki ya wadatar kuma sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Aswaki na kankare datti, babu musu, amma ba ya ajiye fuloraid a yawu gwargwadon makilin mai 1,000 zuwa 1,500 ppm, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021.

Hanya

An bi gwaje-gwajen da aka riga aka wallafa, aka auna su da tsarin yinin mazauna yankin.

Sakamako

Bitar Cochrane ta Marinho da abokan aiki (2003) ta sami raguwar ruɓewar haƙoran yara masu goge baki da makilin mai fuloraid da kusan kashi 24 cikin 100. Sai dai yadda abin ke faruwa ya fi adadin koyarwa. Fuloraid ɗin da ya rage a yawu na janyo kalsiyam da fosfet su koma gurbin da asid ya rarake, kuma sabon ma'adinin ba ya narkewa sai pH ya kusa 4.5. Ke nan gyaran na gudana ne bayan an ajiye buroshi, muddin ba a wanke sinadarin ba. Chestnutt da abokan aiki (1998) sun lura a Sukotilan cewa matasan da ke kurkure baki da kofin ruwa bayan gogewa sun fi saura samun ruɓewa.

Mai alwala kuwa yakan kurkure bakinsa sau da dama a yini. Wanda ya goge da makilin da asuba, sannan ya yi alwala, ya bi da koko ko shayi, ya zubar da mafi yawan abin da ya saya. Gurbin da babu ruwa a bayansa shi ne bayan sallar isha'i da abincin dare: a goge, a tofar, a kwanta. A daidai lokacin ne ma yawu ke raguwa, haƙori ya rasa mai kare shi. Wannan bai taɓa aswakin alwala ba. Kowanne da lokacinsa.

Yaran Bagega, Dareta da 'Yargalma da suka tsira daga gubar dalma ta 2010 sun cancanci a fara wannan shawara da su, tunda Moss da abokan aiki (1999) sun danganta yawan dalma a jini da ruɓewar haƙori a yaran Amurka.

Iyaka

Za a ce gwaje-gwajen na wasu ƙasashe ne, kuma ba a duba bakin kowa a Adabka ba. Haka ne, ko da yake asid ba ya sauya hali don an tsallaka iyaka. Haƙorin da ya riga ya yi kogo kuwa, makilin ba ya cike shi, sai likita. Ƙananan yara a lakato musu ɗan kaɗan, babba na tsaye don kada su haɗiye.