Amsoshin Tambayoyinku: Shin Wasan Kwaikwayo Baƙo Ne A Ƙasar Hausa?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Roni, cikin masarautar Kazaure ta Jihar Jigawa. Ya ce shi manomi ne, in an gama aikin kaka kuma yakan ci kasuwannin Kazaure da Gwiwa da Babura da ɗan hatsinsa. Ya ce ya ga wani wasa na mutanen ƙasar Sin, 'yan wasan sun shafe fuskokinsu da ja da baƙi da fari, suna waƙa suna tsalle-tsalle, to sai gardama ta kaure a rumfarsu. Wasu suka ce ai wasan kwaikwayo Turawa da Indiyawa ne suka kawo mana shi, wasu kuma suka ce gadonsa muka yi. Don haka yana so a ba shi tarihin abin, a kuma gaya masa ma'anar wannan shafe fuska na Sinawa.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce, waɗanda suka ce gado ne su ke da gaskiya. Abin da zuwan Turawa ya kawo shi ne rubuta wasa a littafi da kuma yin sa a kan dandamali a makaranta. Amma mutum ya sa kayan wani, ya ɗauki muryarsa da tafiyarsa, jama'a su kewaye shi suna dariya suna ɗaukar darasi, wannan kam Turawa sun tarar da shi a ƙasar Hausa lokacin da suka ci Kano a 1903.

Bari mu fara da wanda ka fi sani, wato tashe. Sunan ya samo asali ne daga tashin mutane su yi sahur, kuma bisa al'ada ana fara shi ne idan azumi ya kai goma, a yi ta yi da dare bayan an sha ruwa. Ka ga ke nan tashe ɗan azumi ne, azumi kuwa ya daɗe a ƙasar nan, domin tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385.

In ka lura da kyau, kowane tashe ɗan guntun labari ne mai manufa. A wasan Tsoho da Gemu, yaro ne zai manna auduga a haɓa, ya tanƙware baya, ya dogara sanda yana rawar jiki, don a tuna wa jama'a haƙƙin tsoho gajiyayye. A Jatau Mai Magani, ana kwaikwayon mai tallar sassaƙe da saiwoyi ne, yana lissafa magunguna iri-iri da amfaninsu. Akwai na malamin da ake zargi da taka rawa, shi kuwa yana musu alhali ƙafarsa na motsi, wato dai hannunka mai sanda ga mai faɗin abu yana aikata wani. Akwai na mai zarin ci, wanda ake cusa wa tsumma a riga ya zama tumbi, ya zauna ya kasa miƙewa. 'Yan mata kuma suna da nasu, irin su Mairama da Daudu, inda ake nuna zaman aure da yadda mace ke kula da gida. Na manya shi ne tashen gwauro. A birnin Kano har sarauta ce da shi, wato Nalako, sarkin gwagware, kuma manufar wasan a bayyane take: a tsokani wanda ya daɗe ba mata har kunya ta sa ya nemi aure.

Dubi kayan aikin kuma. Auduga ce, da gawayi, da toka, da tsumma, da igiya, da gwangwani ko tsohuwar ƙwarya a matsayin ganga. Ɗaya yana bayarwa, saura na amshi. Ba a gina wani wuri na musamman, ƙofar gida ko tsakar gida ya isa, ladan kuwa ɗan hatsi ne ko 'yan kwabbai. Amma da zarar yaro ya manna audugar nan, kowa ya yarda tsoho ne ya shigo. Wannan yarda da ke tsakanin mai wasa da mai kallo ita ce jarin kowane wasan kwaikwayo a duniya. Ko tsohuwa mai tatsuniya da ita take aiki, sa'ad da ta sake murya ta yi tsamin bakin Gizo, jikoki su ji kamar shi ne a gabansu.

Sa'an nan sai kalankuwa, wadda ku mutanen karkara kuka fi kowa sani. Bikin samari da 'yan mata ne bayan an kawar da amfanin gona, rumbuna sun cika. A wurare da dama samari kan naɗa wa junansu sarauta, a sami sarki da waziri da alƙali da 'yan doka, bayan zuwan Turawa kuma aka ƙara da irin su gwamna da Di'o da likita. Alƙalin wasa zai zauna, a kawo masa ƙara, ya ci tarar goro. Wasa ne, amma a ciki yaro ke koyon yadda ake zaman fada da yadda ake shari'a, kuma a ciki ake nuna wa dattawa irin kallon da matasa ke yi wa masu mulki. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar akwai ɗan'uwansa da ake kira wasan kara, inda ake kwaikwayon mahukunta, kowa da shigarsa da tafiyarsa.

A fada kuwa akwai wasan gauta. Matan gidan sarki ne ke naɗa rawani, su sa alkyabba, wata ta zama sarki, wasu su zama hakimai da fadawa, su kwaikwayi maganar kowa da halinsa. In hakimi mai rowa ne ko mai saurin fushi, a nan za a gani, kuma sarki na iya ganin nasa halin a jikin wadda ta fito a matsayinsa. Abin da bafade ba zai iya buɗe baki ya faɗa ba, sai ga shi an faɗe shi cikin raha, ba wanda aka kama da laifi. Haka su ma 'yan kama, masu kwaikwayon karatun malamai da waƙoƙin manyan makaɗa, su juye su duka su koma zancen tuwo da nama. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana, to ka ga ashe ba wawa kaɗai ba, har da mai rawani.

Yanzu sai mu leƙa ƙasar Sin, inda tambayarka ta samo asali. Su ma nasu wasan ba iri ɗaya ba ne. Sun fi iri 300, kusan kowane yanki da nasa, da karin harshensa da kiɗansa, kamar yadda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci. Wasu ma daga gona suka fito. Wanda ake kira Huangmei ya tsiro ne daga waƙoƙin masu tsinkar ganyen shayi, shi kuma wasan Yue na lardin Zhejiang mutanen ƙauye ne suka fara hawa dandamali da shi a 1906, daga baya ya zama mata ne ke fitowa a matsayin maza da mata duka. Wanda ya fi shahara, wato na birnin Bejin, ya samo tushe ne a 1790, sa'ad da 'yan wasa daga lardin Anhui suka zo bikin cikar Sarki Qianlong shekara 80, suka kuma zauna a birnin. A wannan wasan an daɗe maza ne ke fitowa a matsayin mata, kuma wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Mei Lanfang, wanda ya kai wasan Amurka a 1930.

Game da shafe fuska, launin ne ke gaya wa mai kallo halin mutum tun kafin ya yi magana. Ja alamar amana ce da jarumtaka. Baƙi alamar mai gaskiya ne wanda ba ya tsoron kowa. Fari fat kuwa na maci amana ne mai makirci. Shi kuma mai ban dariya, ɗan fari kawai ake ɗiga masa a kan karan hanci. A lardin Sichuan har akwai gwanayen da ke sauya fuska cikin ƙiftawar ido, ta hanyar zare siraran kyallaye da aka zana aka jera a fuska. Kayan dandamalinsu na gargajiya bai wuce tebur ɗaya da kujeru biyu ba. In ɗan wasa ya riƙe bulala mai tuntaye, to a kan doki yake. In ya riƙe filafili, a cikin kwalekwale yake. In ya zaga fili sau ɗaya, ya yi tafiya mai nisa ke nan, sojoji huɗu kuma sun tsaya a madadin runduna guda. Malam, wannan ai shi ne dokin kara da muka hau muna yara.

Labaransu ma ba za su yi maka baƙunta ba. Akwai wani alƙali mai suna Bao Zheng, mutum ne na gaske da ya rayu daga shekara ta 999 zuwa 1062, wanda a wasa ake shafa masa baƙi. A ɗaya daga cikin labaran da aka gina a kansa, wani ɗalibi ya bar matarsa da 'ya'yansa a ƙauye, ya ci jarrabawa a birni, ya ɓoye aurensa ya auri 'yar sarki, har ya tura a kashe uwargidan. Ta kai ƙara, alƙalin ya yanke wa surukin sarki hukuncin kisa duk da matsin da ya sha daga fada. Akwai kuma labarin Dou E, wanda Guan Hanqing ya rubuta a ƙarni na 13, na wata matashiya da mijinta ya mutu, aka yi mata ƙazafin kisa, azzalumin mahukunci ya sa aka kashe ta, sai ƙanƙara ta zuba a tsakiyar lokacin zafi, fari ya biyo baya shekara uku, har gaskiyarta ta fito. Manomin da bai iya karatu ba yakan tsaya a bikin ƙauye ya ga an hukunta mai ƙarfi. Aikin da wasan gauta da kalankuwa ke yi mana ke nan.

Inda muka bambanta shi ne wajen adanawa. Sinawa sun rubuta nasu tun ɗaruruwan shekaru, kuma yaro kan shafe shekaru yana koyo a hannun gwani. Shi ya sa ko da hukuma ta hana wasannin gargajiya a zamanin juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, da aka sassauta sai tsofaffin gwanaye suka dawo da su. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wasan Bejin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Namu kuwa a baki yake, daga wa zuwa ƙane. Rubutaccen wasa da Hausa bai samu ba sai da littafin wasanni shida na Rupert East. Daga nan Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Rediyo da talabijin suka karɓa, aka san irin su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na yau. Tasirin finafinan Indiya da abokan gardamarka ke magana a kai gaskiya ne, amma a wannan zango na baya-bayan nan ya shigo, ya tarar da gida a gine.

Abin damuwa shi ne tushen yana bushewa. Kalankuwa ta ja baya a garuruwa da yawa. Tashe kuma a manyan birane ɓata-gari sun shiga rigarsa suna ƙwace da faɗace-faɗace, har ta kai 'yan sanda a Kano sun sanar da hana shi, kamar yadda aka yi a azumin 2025. Wasan da ba a rubuce yake ba, in aka yi shekara goma ba a yi shi ba, yaran da za su koya wa na bayansu sun girma ba su iya ba, shi ke nan ya tafi. A nan ku mutanen Roni da Gwiwa da Babura kuna da damar da birni ba shi da ita, domin kowa ya san ɗan kowa. Inda hukuma ba ta hana ba, babba ɗaya ya raka yara, su tsaya cikin unguwarsu, su koma gida da wuri. Dattijon da ya san tsofaffin wasanni a zauna da shi, yaran da ke da waya su ɗauki muryarsa, malamin makaranta ya rubuta. Wannan ba ya cin ko mudun gero.

To Malam, da fatan ka gamsu, kuma a gaishe mana da mutanen rumfa baki ɗaya. Sauran masu sauraro da suka aiko da wasiƙu, a ƙara haƙuri, layi na zuwa kan kowa.