Tsofaffin Mawaƙan Amurka da Iyakar da ke Tsakanin Jaz da Kiɗan Yayi



Duk wanda ya taɓa shiga kantin sayar da faya-fayai a Amurka zai tarar an ware su kashi-kashi: nan na jaz, can na kiɗan yayi, watau wanda suke kira fof. Sai mutum ya zaci tun fil azal haka abin yake. Abin da nake so in nuna yau shi ne, 'yan kasuwa ne da wariyar launin fata suka ja wannan iyaka, makaɗa kuwa daga baya suka tarar da ita. Shaiduna su ne faya-fayan da manyan mawaƙa suka haɗu suka yi bayan sun manyanta.

Daga wajen 1935 zuwa 1945 babu wata iyaka ta a-zo-a-gani. Ƙungiyoyin Benny Goodman da Count Basie da Duke Ellington su ne ke kaɗa wa samari da 'yan mata rawa, su ne kuma a rediyo. Jaz shi ne kiɗan yayi a lokacin. Mawaƙi kuwa yaron gida ne kawai, yana zaune a gefe sai an ba shi baiti ɗaya ya tashi ya rera ya koma. Abu biyu suka rushe wannan tsari. Na farko, a 1942 ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta hana 'ya'yanta ɗaukar faifai saboda rikicin kuɗi da kamfanoni, aka yi ta ja har 1944. Mawaƙa ba sa cikin ƙungiyar, saboda haka suka ci gaba da aiki. A 1942 ɗin ne ma Frank Sinatra ya bar maigidansa Tommy Dorsey ya tsaya da ƙafarsa. Na biyu, su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka fito da wani sabon salo mai sauri da sarƙaƙiya wanda ake zama a saurara, ba a rawa da shi. Masu busa suka nufi gabas, mawaƙa suka nufi yamma.

Sai batun fata. Har zuwa 1949 mujallar Billboard tana jera faya-fayan baƙar fata a wani rukuni dabam mai sunan launin fata ƙarara. Nat King Cole gwanin fiyano ne na jaz. Da ya koma rera waƙoƙin soyayya sai masu sharhi suka ce ya sayar da sana'arsa, alhali shirinsa na talabijin, wanda ya fara a 1956, mutuwa ya yi a 1957 don manyan kamfanoni sun ƙi sa tallarsu a shirin baƙin mutum. Ya rasa nan, bai samu can duka ba.

To, a watan Agusta na 1956 Norman Granz, mai kamfanin Verve, ya haɗa Ella Fitzgerald da Louis Armstrong a ɗakin ɗaukar murya, Oscar Peterson na kan fiyano. Armstrong yana da shekara 55. (Shi ne wanda ya zo Nijeriya a 1960, dattawanmu sun ga wasansa.) Wannan faifai yau ana lissafa shi cikin ginshiƙan jaz. Amma ku duba waƙoƙin da ke ciki: na George Gershwin ne da Irving Berlin da ire-irensu, waɗanda aka tsara don sinima da dandalin wasa shekara ashirin kafin nan. Tsantsar kayan kasuwa ne. Abin da ya mai da su jaz shi ne yadda aka rera su: jinkirta kalma ta faɗo bayan bugun kiɗa, da lanƙwasa karin waƙa, da amsa wa juna nan take ba tare da an rubuta ba. Armstrong ɗin nan kuma shi ne a 1964, yana da shekara 62, ya ture Beatles daga matsayi na ɗaya da waƙar "Hello, Dolly!". A wane kashi za a ajiye shi ke nan?

Sinatra ya bi ta ɗaya ɓangaren. Ya yi faifai da Basie a 1962 da 1964, sannan a 1966 aka ɗauki wasansu a otal ɗin Sands na Las Vegas, Quincy Jones na jagorantar makaɗa. A farkon shekarun 1950 baƙin mawaƙi kan yi wasa a irin waɗannan otal-otal amma ba a ba shi ɗakin kwana a ciki.

A ganina, wanda ya fi duka nauyi shi ne na Tony Bennett da Bill Evans a 1975. Kamfanin Columbia ya matsa wa Bennett ya rera waƙoƙin samarin zamani, abin bai karɓe shi ba, ya bar su a 1972. Evans kuwa shi ne ya kaɗa fiyano a mafi yawan faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue a 1959. Suka zauna su biyu rak, murya da fiyano, babu ganga babu goge da za su rufe wa mawaƙi asiri in numfashi ya gaza. Kasuwa ta riga ta juya wa Bennett baya, don haka ba ya tsoron asarar komai, ya sami sararin yin abin da ransa ke so.

Kada a ce na ɓoye wani abu: ba kowace haɗuwa ce ta yi armashi ba. A faifan Duets na Sinatra, 1993, abokan waƙarsa ba su ma shiga ɗaki ɗaya da shi ba, daga nesa aka ɗauki muryoyinsu aka ɗora. An yi ciniki ƙwarai, amma amsa wa juna, wanda shi ne ruhin abin, babu shi.

Bari mu bi sawun waƙa ɗaya. Irving Berlin ya tsara "Cheek to Cheek", Fred Astaire ya rera ta a fim a 1935, ta zama waƙar yayi. A 1956 tana cikin faifan Ella da Armstrong, aka kira ta jaz. A 2014 Bennett, yana da shekara 88, ya yi faifai mai wannan suna da Lady Gaga, wadda ya girme wa da shekara 60. Faifan ya zo na ɗaya a babban jerin Billboard, ya kuma zo na ɗaya a jerin jaz. Da aka zo rabon lambar Grammy a 2015, sai aka ba shi a rukunin da suke kira kiɗan yayi na gargajiya.