Kurtu da Gida: Samarin Gabashin Sakkwato a Yaƙin Bama

Idan ana tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, akan tsaya ne ga sunayen janar-janar da garuruwan da aka ci. A wannan maƙala muna so mu waiwayi ƙaramin mutum, watau saurayin da ya bar gonar fadama a gefen Gulbin Rima, a Taloka ko Goronyo ko Wurno, ya shiga soja, mu ga abin da ya riƙe tsakaninsa da gida.

Yaƙin ya tashi a 1939, shekara guda bayan naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Da Faransa ta faɗi a 1940, Nijar ta koma hannun gwamnatin Bishi mai biyayya ga Jamus, sai mutanen wannan yanki suka wayi gari iyakar abokan gaba na kusa da su, har zuwa ƙarshen 1942. Neman kurata kuwa ta hannun En'e yake saukowa, daga Sarki zuwa uban ƙasa, daga nan zuwa masu garuruwa. Wani ya tafi da son ransa, wani talauci ya kora shi, wani kuma nuna shi aka yi, kamar yadda aka riƙa nuna mutane a kai su aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942.

Tafiyar farko ita ce zuwa bakin dogo, a Gusau ko Ƙauran Namoda, sannan jirgi ya kai shi bariki, irin na Zariya inda aka daɗe ana horon kurata. A nan begila ce ke tashinsa tun da asuba, ya yi shara, ya fita fareti, ya koyi kwance bindiga da haɗa ta. Da Hausa ake tafiyar da yawancin al'amuran bariki, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta, ko da yake a lokacin yaƙin an shiga koya wa soja Turanci. Daga wannan cuɗanya harshenmu ya riƙe kalmomi irin su kofur da saje da samanja, da ita kanta kalmar kurtu. Albashin ƙaramin soja sule guda ne a rana.

To, a zaman lafiya soja da matarsa yake zaune a bariki, har matan suna da magajiyarsu. Yaƙi ya raba wannan zama. A 1943 Runduna ta 81 ta Yammacin Afirka ta tashi zuwa Indiya, ta 82 ta bi ta a 1944, aka jefa su dazuzzukan Kaladan da Arakan na ƙasar Bama, wasu da bindiga, wasu da kayan yaƙi a ka. Babu zancen hutun zuwa gida. Abu biyu suka rage: kuɗin da soja ya yarda a yanka daga albashinsa a ba iyalinsa, da wasiƙa.

Abin lura shi ne dukansu biyun ta hannun wani suke bi. Kuɗin sai sun ratsa baitulmali da malaman En'e kafin su iso ƙauye, kuma sunan da soja ya bayar shi ke karɓa, ko uba ne ko wa, ba lalle matar ba. Wasiƙa kuwa, wanda bai iya rubutu ba sai ya shifta wa abokinsa, a gida kuma malami ya karanta ta gaban jama'a. Ina asirin miji da mata a nan? Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana kawo labarin yaƙi, amma ba ta gaya wa tsohuwa ko ɗanta na numfashi.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a mazhabar Malikiyya matar da aka bari babu ci babu sutura tana da damar kai ƙara gaban alƙali a raba auren. Saboda haka jinkirin kuɗi na 'yan watanni na iya kashe auren da harsashin Japanawa bai taɓa mai shi ba. Yawancin sojan sai a 1946 aka dawo da su, wasu suka tarar da 'ya'yan da ba su san fuskarsu ba, wasu kuwa ɗakin ma babu kowa a ciki.