Makaɗi da Rufaffiyar Hanya: Abin da Korona ta Tarar a Iyakar Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, kuma garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya sun girmi iyakar kanta da sanin matafiya. A ƙarni na 19, ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro ta wannan yanki take ratsawa: ayari ya ƙetare Kogin Kwara, ya shiga ƙasar Bargu, ya bi ta Nikki da Djougou har Salaga ta ƙasar Gwanja. Duk inda fatake suka kafa zango, makaɗa da maroƙa kan biyo baya, domin inda ake ciniki da aure da naɗin sarauta, can ake neman mai kalangu. Hanya ita ce gonar makaɗi, kuma a shekarar 2020 aka hana shi zuwa gona.

Fahimtar girman wannan asara tana buƙatar a san yadda ƙungiyar kiɗa take rayuwa a ƙasar Hausa. Mawaƙi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai makaɗa, da 'yan amshi, da sanƙira, da direba, kuma bayan kowannensu akwai iyali. Ba albashi, ba fansho. Abin da aka samu na liƙi da kyauta shi ake rabawa. Bayan kaka, lokacin da manomi ya sayar da amfanin gona, sai a shiga rangadi, a bi bukukuwa da filayen dambe da fadojin sarakuna. Haka Mamman Shata ya kai waƙarsa Nijar da Ghana. Abin da ke riƙe irin wannan ƙungiya idan jagora ya tsufa shi ne gado. Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya tarar da kiɗa, kuma bayan rasuwarsa a 1991 'ya'yansa suka ci gaba. A Kebbi ma, Sani Aliyu Ɗandawo ya ɗora daga inda mahaifinsa ya tsaya.

Ƙungiyoyin jita na zamani sun gaji wannan dogaro da hanya. A Kwatano, Clément Mélomé ya kafa Orchestre Poly-Rythmo a ƙarshen shekarun 1960. A shekarun 1970 Legas suke zuwa naɗar faya-fayansu, kuma waƙoƙinsu sun kai ɗaruruwa. Shekarun 1980 suka zo musu da wuya: tattalin arzikin Benin ya durƙushe, mutuwa ta ɗauke wasu jigoginsu, Nijeriya kuma ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. Ƙungiyar ta yi shiru tsawon lokaci, sai a 2009 dattawanta suka fara rangadin Turai, suka fitar da faifan Cotonou Club a 2011. Shekara ɗaya bayan haka Mélomé ya rasu. Ke nan farin jinin duniya ya zo musu ne da yamma, lokacin da kowace shekara take da tsada.

A Yamai kuwa akwai Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kuma faifansu Kaani na 2013 ya buɗe musu ƙofar Amurka. Tsarinsu ya yi kama da na gidan makaɗan gargajiya: suna da mutane da yawa, har sukan rabu biyu su yi wasa a wurare biyu a dare ɗaya. Shi ma Mdou Moctar, gwanin jitar Abzinawa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya kafin wani kamfanin ƙetare ya san da shi.

Sa'ad da korona ta iso, ta tarar da ƙofa a rufe. Tun Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta toshe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, kuma garuruwan bakin iyaka na Kebbi suka fara jin jiki. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A tsakiyar Maris aka yi bikin kamun kifi na Argungu, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kuma kwanaki kaɗan bayansa aka shiga hana taro. Nijar ta rufe iyakokinta da gidajen rawa, ta haramta taron da ya wuce mutum 50, ta killace Yamai. Benin ta kewaye Kwatano da biranen kudu da shingen kiwon lafiya daga ƙarshen Maris zuwa Mayu. A Nijeriya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har 1 ga Yuli, manyan masarautu suka soke hawan Sallah. Kasuwar gida da ta waje suka mutu tare, abin da ko a 1984 bai faru ba.

Tsofaffin ƙungiyoyi su suka fi cutuwa, saboda dalili biyu. Na farko, cutar ta fi yi wa masu shekaru illa: Manu Dibango na Kamaru ya rasu da ita ranar 24 ga Maris, 2020, yana da shekara 86. Na biyu, matashi yana iya jiran shekara biyu, dattijo kuwa ba shi da tabbacin haka. The Rolling Stones ta Ingila ta ɗage rangadinta na Amurka a 2020, kuma kafin ta koma a Satumban 2021, mai ganganta Charlie Watts ya rasu yana da shekara 80. Bambancin shi ne, su suna da kuɗin haƙƙin mallaka da ke shigowa ko suna zaune. Makaɗin da waƙarsa ke yawo kyauta a katin waya, sai ya bayyana da jikinsa ake biyansa. Wasan kai-tsaye ta intanet bai cike wannan gurbi ba, domin masu yi masa liƙi ba can suke ba.

Annoba ta lafa, amma hanya ba ta koma daidai ba. A Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum; Kamba, maƙwabciyar Bagudo, sai a Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 ya sake jawo rufe iyakoki, aka datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, Mdou Moctar da abokansa suka maƙale a Amurka har sai da aka yi musu karo-karo.

Tarihin nan ya nuna cewa ƙungiyar da ta jingina da sunan mutum ɗaya da bizar ƙetare, rufewa ɗaya tana iya gamawa da ita. Wadda ke da masu biki a gida da yara masu koyo a bayanta takan rame, ta kuma farfaɗo. Sai dai yaro ba ya koyon kiɗa a ɗaki. A gefen maigida yake koyo, a tsakiyar taro, dare bayan dare. Duk shekarar da aka rufe hanya, akwai almajirin kiɗan da ya koma acaba ko noma bai dawo ba, kuma waƙoƙin da ke cikin kan dattijon da zai koya masa ba a rubuce suke ba.