Pinagot, Masassaƙin da Aka Tono Daga Cikin Rajista

A shekarar 1995 wani masanin tarihi ɗan Faransa, Alain Corbin, ya shiga ma'ajiyar tsofaffin takardu ta lardin Orne da wata niyya da ba a saba gani ba. Yana neman mutumin da bai taɓa yin suna ba, wanda bai yi sarauta ba, bai yi tawaye ba, bai ma aikata wani babban laifi da zai sa a tuna da shi ba. Sai ya rufe ido ya zaro kundi ɗaya, kundin ya faɗa kan ƙauyen Origny-le-Butin da ke bakin dajin Bellême. Daga jerin sunayen ƙauyen ya ɗauko Louis-François Pinagot, wanda aka haifa a 1798, ya rasu a 1876, yana sassaƙa takalman katako, bai iya karatu ba balle rubutu.

Abin da ya sa sunan talaka irin wannan ya kai har zamaninmu tsoho ne ƙwarai. Tun 1539 Sarki François na Ɗaya ya umarci limaman coci su riƙa rubuta duk jaririn da suka yi wa baftisma. A 1792, lokacin juyin juya hali, aka karɓe wannan aiki daga hannun coci aka miƙa wa ofishin magajin gari, aka ce haihuwa da aure da mutuwa duk a rubuta, da sunan shaidu da sana'arsu. Napoleon ya ƙara da awon filaye da gonaki daga 1807 domin haraji. Daga 1836 kuma ƙidayar jama'a ta koma bin gida-gida, ana rubuta kowa da sunansa duk bayan shekara biyar. Ba don ƙaunar talaka aka yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hukuma na son ta san wa zai biya haraji, wa zai tafi soja.

Da waɗannan takardu Corbin ya harhaɗa mutumin. Mahaifin Pinagot mai keken doki ne. Shi Louis-François ya yi aure a 1818, yana da shekara ashirin, ya auri Anne Pôté, suka haifi 'ya'ya takwas, ta rasu a 1846 ta bar shi da su. Har tsawonsa an samu, mita ɗaya da santimita 66. Sunansa ya shiga jerin matalautan ƙauyen, sai da girma ya kama shi sannan ya ɗan farfaɗo. Shaidun da ke fitowa a takardun aure da na haihuwa su ne suka nuna da wa yake hulɗa: surukai, maƙwabta, masu saran itace, masassaƙa 'yan'uwansa.

Dajin ne rabin labarin. Bellême gandun hukuma ne, cike da manyan itatuwa, kuma mutanen bakinsa da shi suke ci. Wani ya sare, wani ya yi dako, wani ya ɗauki gungume ya rarake shi ya zama takalmi, domin manomin Faransa na wancan zamani da takalmin katako yake shiga taɓo. Amma dokar daji ta 1827 ta ƙuntata wa talakawa. Ƙiraren da mace za ta tsinto, ciyawar da za a yanko wa saniya, duk suna iya jawo tara idan mai gadin daji ya kama ka. Takardun kotu cike suke da sunayen mutanen yankin saboda irin waɗannan ƙananan laifuffuka. A nan ne abin yake taɓa ni: mutumin da ya yi shekara da shekaru yana aikinsa lami lafiya ba ya barin sawu, sai ranar da yunwa ta sa ya ɗauko damin itace sannan alƙalami ya san da shi.

Gwamnatoci sun yi ta faɗuwa a birnin Paris a tsawon rayuwarsa, daga jamhuriya zuwa daular Napoleon, zuwa sarakuna, zuwa wata jamhuriyar. Sojojin Prusiya sun shigo yankin sau biyu, a 1815 da kuma yaƙin 1870. Tsadar abinci ta 1846 zuwa 1847 ta same shi yana sabon gwauro da yara a gabansa. A 1848 aka ba kowane namiji baligi damar jefa ƙuri'a, har da shi.

Littafin da Corbin ya rubuta a kansa ya fito a 1998, shekara ɗari biyu cif da haihuwar Pinagot, aka fassara shi zuwa Turanci a 2001. Masu suka sun ce ƙauyen da dajin sun fi fitowa fili a kan mutumin kansa, kuma da gaskiyarsu, domin babu kalma ɗaya daga bakinsa da ta tsira. Ni dai ina ganin a nan Corbin ya yi abin yabo. Ya ƙi sa masa magana a baki. Inda takarda ta yi shiru, sai ya bayyana abin da Pinagot zai iya gani ko ji a hanyar kasuwa da harabar coci, ya tsaya nan, bai ce ga abin da ke zuciyarsa ba.