Irin Ful da Ya Tsallake Yaƙin Siriya

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a Makka ko Kartum ya san ful, waken nan mai faɗi da ake dafawa ya narke a ci da burodi da mai. Masu tonon kufai sun samo ƙonannun ƙwayoyinsa a Tell el-Kerkh, arewa maso yammacin Siriya, masu shekara kusan 10,000. Abin da ya raba shi da alkama da sha'ir shi ne, har yau ba a gano kakansa na daji a raye ba, kuma ba ya barbara da danginsa na jeji. Masanin da ke neman irin da zai jure fari ko cuta ba shi da wurin zuwa sai rumbun manoma, sai abin da suka zaɓa suka adana kaka da kakanni.

Wannan ne ya sa tashar Tel Hadya, kudu da Aleppo, ta zama wuri mai daraja. Can ne cibiyar ICARDA, wadda aka kafa a 1977 domin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ta tara samfurin ful kimanin 10,000 daga Habasha, Masar, Sin, Maroko da sauransu, mafi girman tarin ful a duniya. A ido duk wake ne. A gona kuwa kowanne da halinsa. Wasu iri da aka samo daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka sun nuna juriya ga cutar da ke yi wa ganye tabo ruwan ƙasa. A Masar an fitar da Giza 402, mai iya tsayuwa a gaban wata ciyawa da ke kama saiwa tana tsotse shuka, kamar yadda ƙuduji ke yi wa dawa. Wani iri kuma an tarar yana da ƙarancin sinadarin da ke fasa jinin masu larurar gado ta G6PD, kuma a 2021 aka gano ƙwayar halittar da ke haɗa sinadarin.

Da yaƙi ya yi tsanani a 2012, ma'aikata 'yan ƙasashen waje suka bar Aleppo. Siriyawa suka ci gaba da kula da ɗakunan sanyi da ake ajiye irin, suna nemo man janareta a cikin ruwan harsashi, suna fitar da kwalayen iri ta hanyoyi masu haɗari. Ni dai ina ganin ba a ba waɗannan mutane haƙƙinsu na yabo ba. Da ƙoƙarinsu ne aka ƙarasa kai kwafin kusan kashi 80 cikin 100 na tarin cibiyar zuwa Svalbard, rumbun da aka haƙa cikin dutse a arewacin Norwe aka buɗe a 2008. A 2015 ICARDA ta zama ta farko da ta nemi a dawo mata da ajiyarta. Aka raba irin tsakanin Rabat a Maroko da Terbol a kwarin Bekaa na Lebanon.

Dawo da shi ba shi ne ƙarshen wahala ba. Iri a ajiye ƙarfinsa raguwa yake yi, dole lokaci-lokaci a shuka shi a girbi sabo. Ful kuwa ƙudan zuma na sonsa, suna kwasar garin fure daga wannan kunya zuwa waccan, in aka yi sakaci sai irin Habasha ya gauraye da na Sin, halin da ake adanawa ya ɓace. Shi ya sa ake noma samfuran cikin rumfunan raga, aiki mai cin kuɗi da lokaci. Tun 2017 aka fara mayar da sabon iri Svalbard, a 2023 kuma masana suka kammala karanta kundin halittar ful, wanda ya ninka na ɗan Adam kusan sau huɗu.