Hausa a Majalisar Ƙasa da Hausa a Kasuwar Jimeta: Waiwaye kan Ƙudurin 1961 da Darasinsa ga Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

A ranar 21 ga Nuwamba, 1961, ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya mai wakiltar mazaɓar Adamawa ta Arewa maso Yamma, Malam Albatan Yerima Balla, ya miƙe a zauren majalisa a Legas ya gabatar da ƙuduri. Ya nemi gwamnatin tarayya, tare da shawarar gwamnatocin jihohi, ta shigar da koyar da Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsuna cikin makarantun ƙasar nan, da nufin a zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zama harshen hukuma cikin shekara ashirin. Abin lura shi ne mai ƙudurin ba Bahaushe ba ne. Mutumin Kilba ne daga yankin Hong, kuma jigo a jam'iyyar NEPU. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan ƙuduri a tsare-tsaren mulkin Nijeriya, ta kwatanta shi da yadda Hausa ta kafu a Yola da Jimeta, sannan ta nuna abin da hakan ke nufi ga malamin Hausa da mai tsara manhaja.

2.0 Yola da Jimeta Kafin Ƙudurin

Yola gari ne na Fulfulde tun asalinsa. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa shi a 1841 a matsayin cibiyar daular Fombina. Harshen fada da na shari'ar yau da kullum Fulfulde ne, harshen karatu da wasiƙu kuwa Larabci. Hausawa sun shigo ne a matsayin fatake da masu sana'a, suna biye da hanyoyin hauren giwa da tufafi. Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901, a zamanin Lamiɗo Zubairu, sai tashar jiragen ruwa da ke bakin kogin Binuwai ta bunƙasa ta zama Jimeta, matattarar 'yan kasuwa da leburori da sojoji da ma'aikatan gwamnati. Waɗannan mutane sun fito daga ƙabilu dabam-dabam, kuma Hausa ce ta haɗa su.

A farkon mulkin mallaka Fulfulde ya sami kulawa sosai a fagen rubutu. F. W. Taylor, jami'in ilimi da ya yi aiki a Yola, ya wallafa nahawun Fulfulden Adamawa a 1921 da ƙamus ɗin Fulfulde a 1932. To amma ayyukan Hukumar Talifi ta Zariya, da fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sun tara wa Hausa littattafai da ƙa'idojin rubutu waɗanda babu wani harshe na Arewa da ya sami irinsu. Bugu da ƙari, tsarin mulkin Jihar Arewa ya amince da Ingilishi da Hausa a matsayin harsunan gudanar da aikin majalisunta a Kaduna. Saboda haka a 1961 wakili daga Adamawa ya riga ya san cewa ana iya muhawarar dokoki da harshen gida.

3.0 Daga Ƙuduri zuwa Tsarin Mulki

Ƙudurin ya gamu da suka mai zafi. Cif Anthony Enahoro, mutumin Uromi, ya yi magana da yawun ƙananan ƙabilu, inda ya nuna damuwarsa kan yunƙurin ɗora musu harsuna da al'adun manyan ƙabilu. Da ƙudurin da sukar duka sun fito ne daga 'ya'yan ƙananan ƙabilu, ɗaya yana ganin harshen haɗin kai a matsayin mafita, ɗayan yana ganin sa a matsayin barazana. Wannan saɓani bai gushe ba. Shekara ashirin ta cika a 1981 ba tare da an zaɓi harshe ko ɗaya ba.

Maimakon zaɓin harshe ɗaya, sai aka koma ga uku. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da harshen uwarsa. Tsarin mulkin 1979, a sashe na 51, ya tanadi cewa za a gudanar da aikin Majalisar Ƙasa da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi isasshen tanadi domin hakan. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta shigar da harsunan uku cikin gyare-gyaren da ta yi wa daftarin da majalisar tsara tsarin mulki ta miƙa mata. Tsarin mulkin 1999 ya maimaita wannan tanadi a sashe na 55. A sashe na 97 kuma ya bai wa majalisun dokokin jihohi damar ƙara wani harshe ko wasu harsuna da ake magana da su a jihar, muddin majalisar ta zartar da ƙuduri a kan haka.

An yi wani ɓangare na tanadin da aka ambata. A 1990 aka wallafa Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin koyar da harshe da adabi da Hausa. A 1991 hukumar NERDC ta fitar da ƙamus ɗin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu. Duk da haka, muhawara a Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360 ta ci gaba da gudana da Ingilishi. Sanatoci uku da wakilai takwas da Jihar Adamawa ke turawa Abuja suna neman ƙuri'a da Hausa da Fulfulde da sauran harsunan gida, sannan su yi aikin wakilci da Ingilishi.

4.0 Hausar da Kasuwa ta Yaɗa

A daidai lokacin da doka ke jiran isasshen tanadi, Hausa ta ci gaba da yaɗuwa a Jimeta ba tare da umarnin kowa ba. Ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, da Jihar Adamawa a 1991, ya mayar da Jimeta mazaunin ma'aikatu, ya jawo Bachama da Bata da Margi da Higi da Kilba da Chamba da Mumuye da Lunguda da Yungur da Bare zuwa unguwanni irin su Jambutu da Doubeli da Luggere da Rumde. Yaron da ya tashi a waɗannan unguwanni yakan ji harshen iyayensa a gida, ya yi wasa da Hausa a waje, ya tarar da Ingilishi a aji.

Wannan Hausa tana da siffofinta na nahawu, kuma tarihin harsunan yankin yana bayyana dalilansu. Bisa rabe-raben Joseph Greenberg na 1963, Hausa tana cikin iyalin harsunan Cadi. Margi da Kilba da Higi da Bachama 'yan'uwanta ne na nesa a reshen Biu-Mandara na wannan iyali. Fulfulde kuwa daga wani babban gida ya fito, wato Neja-Kongo, kuma tsarinsa ya bambanta da na Hausa ƙwarai.

Na farko, batun jinsi. Daidaitacciyar Hausa tana raba kowane suna tilo zuwa namiji ko mace, kuma wannan rabo yana bin jumla: rigar Musa ta tsufa, wandon Musa ya tsufa. Fulfulde ba ya raba sunaye bisa jinsi. Yana raba su ne zuwa azuzuwa fiye da ashirin, kuma wakilin suna o yana tsayawa a madadin namiji da mace. Margi ma, duk da kusancinsa da Hausa, ba shi da jinsin nahawu. Don haka ba abin mamaki ba ne a ji rigan Musa ya tsufa a Jimeta. Ya kamata malami ya tuna cewa a karin harshen Zariya da na Bauci ma ana samun -n a inda Daidaitacciyar Hausa ke sa -r, wato canji ne da ke faruwa har a cikin gidan Hausa kanta.

Na biyu, tsarin sauti. Fulfulde yana da ɓ da ɗ da ƴ, saboda haka ɗalibi Bafulatani ba ya wahala da ɓera ko ɗaki. Amma babu ƙ da ts a cikinsa, shi ya sa ƙafa da kafa, ko tsara da sara, kan rikice a baki da kuma a takarda. Har ila yau Fulfulde ba ya bambanta ma'ana da karin sauti, alhali a Hausa karin sauti ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya.

Na uku, lokutan aiki. Bambancin sun zo da suka zo, ko suna zuwa da suke zuwa, yana bin ƙa'idar ginin jumla: yara sun zo, amma yaran da suka zo. Wanda ya koyi Hausa a kasuwa yakan fahimci saƙo ba tare da ya kiyaye wannan ƙa'ida ba, sai ranar jarrabawa ta tona asirin.

Cuɗanyar ba ta hanya ɗaya ta bi ba. Kalmomi irin su kawu da goggo da baffa da arɗo da modibbo daga Fulfulde Hausa ta aro su, kuma misalai ne masu kyau na nuna wa ɗalibin Yola cewa harshen kakanninsa ya ba Hausa kamar yadda ya karɓa.

5.0 Darasi ga Manhaja

Daga bayanan da suka gabata, a iya fitar da shawarwari huɗu. Da farko, rabon da manhaja ta yi na Hausa a matsayin harshen uwa da Hausa a matsayin harshe na biyu bai ɗauki ɗalibin Jimeta gaba ɗaya ba. Ya wuce matakin koyon gaisuwa da ƙirga, amma bai mallaki jinsi da karin sauti kamar ɗan Kano ba. Yana bukatar darussan da za su gina kan ƙwarewarsa ta magana, su mayar da hankali ga wuraren nan uku da aka ambata.

Na biyu, horon malamai, musamman a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola, ya kamata ya ƙunshi kwatancen nahawun Hausa da na Fulfulde da na harsunan Biu-Mandara, domin malami ya san tushen kuskure kafin ya ja jan biro.

Na uku, kalmomin majalisa su shiga darasin ƙirar kalma. Daga zaɓa ake samun zaɓe da mazaɓa da zaɓaɓɓe. Majalisa aro ce daga Larabci, sanata da kwamiti daga Ingilishi, Kakakin Majalisa kuwa faɗaɗa ma'anar kakakin fada ne. Ɗalibin da ya nazarci waɗannan ya koyi nahawu, ya kuma fahimci labaran majalisa da yake ji a rediyo.

Na huɗu, tsoron da Enahoro ya bayyana a 1961 gaskiya ne a Adamawa, inda yara da yawa ke tasowa da Hausa suna rasa harshen iyayensu. Manhajar da za ta karɓu a nan ita ce wadda ke koyar da Hausa tare da mutunta sauran harsuna, ta hanyar aikin fassara da tattara karin magana da sunayen wurare daga gidajen ɗalibai.

6.0 Kammalawa

Manufofin gwamnati kan harshe suna sauyawa. A Nuwamba 2022 aka amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a Nuwamba 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da janye wannan tsari. Sashe na 55 kuwa yana nan yana jiran tanadin da ya ambata. Wannan tanadi bai tsaya ga na'urorin fassara a zauren majalisa ba. Ya haɗa da tafintoci da marubutan rahoto da masu tsara doka waɗanda suka ƙware a Daidaitacciyar Hausa, kuma aji ne kaɗai ke iya samar da su. Yerima Balla ya fara ƙudurinsa da makaranta kafin ya ambaci harshen hukuma. Wannan jeri da ya yi shi ne har yau ya dace masu tsara manhaja su bi.